Jirgin balan-balan mai ɗaukar kaya: zai iya maye gurbin kamyo a Nijar, kuma kuɗin wa ya kamata a zuba ciki?

Tun da anka rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya sunka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina su shigo ta wajen Tera cikin ayari da rakiyar sojoji, maganar sufuri ta zama ta kowa a Yamai, ba ta ƴan taranzit da direbobi kaɗai ba. Cikin wannan hali ne hotuna da bidiyon wani ƙaton jirgi mai kama da balan-balan ke yawo a WhatsApp da Facebook, ana cewa wai zai ɗauki tan 60 ya sauke inda babu gudron babu filin jirgi. Wasu na cewa ga maganin ƙasar da ba ta da teku ya zo, wasu na cewa zanen kwamfuta ne kawai ake ruɗin mutane da shi. Kowane ɓangare akwai gaskiyar da ya riƙe, akwai kuma abin da ya tsallake.

Wane irin jirgi ne wannan

Jirgin sama da muka saba gani a filin Diori Hamani nauyi gare shi fiye da iska, dole sai ya yi gudu fukafukai su ɗaga shi, in inji ya mutu sai ƙasa. Shi wannan ba haka ba. Ƙatuwar jaka ce da ake cika wa iskar gas wadda ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba, ko heliyom ko haidurojin, sai ta yi ta neman sama da kanta kamar gora in ka danna ta cikin kogi ka saki. Injina aikinsu tura shi gaba da juya shi ne kawai, shi ya sa ba ya shan mai kamar jirgi mai fukafukai, shi ya sa kuma ba ya sauri, kilomita 100 zuwa 130 a awa ne iyakar abin da ake sa rai.

Lissafin da ke ƙarƙashin komai ɗaya ne: mita kubik guda na heliyom kusan kilo ɗaya yake ɗagawa. Haidurojin ya fi shi da kamar kashi 8 cikin 100, ya fi araha nesa ba kusa ba, amma yana kama wuta. To in kana son ɗaga tan 60 na kaya, ga nauyin ƙashin jirgin, ga injina, ga mai, ga ma'aikata, dole jakar ta zama wani abu mai tsawon mita 200, wato filin ƙwallo biyu a jere. Abin da ke jan hankalin injiniyoyi shi ne in ka ninka tsawo da faɗi da tsayin jirgin sau biyu, cikinsa ninkuwa yake sau takwas, fatar jikinsa kuma sau huɗu kawai. Ma'ana ƙarami ba ya biyan kansa, babba ne ke da riba a takarda, kuma babban nan ne ba a iya gwadawa da kuɗi kaɗan. Matsalar masu jari daga nan ta faro.

Iri uku ake magana a kai. Akwai mai ƙashi a ciki irin Zeppelin na Jamus, akwai wanda ba ƙashi iska ce kawai ke riƙe siffarsa, sai kuma mai ruwa biyu wanda gas ke ɗaga kaso mafi yawa sauran kuma siffar jikinsa ke ɗagawa in yana tafiya.

An taɓa yi, har a Afirka

A watan Nuwamban 1917, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, Jamusawa sun loda wa Zeppelin L 59 kaya kusan tan 15, magunguna da harsasai, ya tashi daga Yambol ta Bulgeriya zai kai wa sojojinsu a Afirka ta Gabas. Ya ratsa Bahar Rum da hamadar Masar, ya kai yamma da Khartum sannan anka ce ya juya. Ya koma gida bayan kilomita kusan 6,800 cikin awa 95 bai sauka ko sau ɗaya ba. Wannan tafiya ta nuna abin yana yiwuwa, ta kuma nuna abin da hamada ke yi masa: da rana zafi ya kumbura gas har ya riƙa fita, da dare sanyi ya tsuke shi jirgin ya yi nauyi saura kaɗan ya bugi ƙasa sai da anka zubar da kaya.

Abin da kowa ya fi sani shi ne Hindenburg, jirgin Jamus mai tsawon mita 245, wanda ya ƙone wajen sauka a Lakehurst ta Amurka ran 6 ga Mayun 1937, mutum 36 sunka rasu. Haidurojin ne cikinsa dan Amurka ta hana sayar da heliyom waje a lokacin. Amma fa ba wuta kaɗai ke kashe su ba. Akron na sojan ruwan Amurka heliyom ne cikinsa, hadari ya kada shi cikin teku a 1933, mutum 73 sunka mutu, ya ma fi Hindenburg ɓarna. Bayan haka jiragen fukafukai sun ƙara girma da sauri, sai anka ajiye maganar shekaru da dama.

Waɗanda sunka gwada kwanan nan

Labarin da duk mai son zuba kuɗi ya kamata ya sani shi ne na CargoLifter. Kamfanin Jamus ne da anka kafa a 1996 da niyyar ƙera jirgi mai ɗaukar tan 160. Sun tara kuɗi wajen yuro miliyan 300, kusan miliyar 200 na sefa kenan, daga hannun mutum wajen 70,000, yawancinsu ƙananan masu ajiya ne. Sun gina rumfar ƙera jirgin kudu da Berlin, tsawonta mita 360 tsayinta mita 107, kuɗi sunka ƙare a 2002 babban jirgin ko haɗa shi ba a yi ba. Rumfar tana nan, tun 2004 wurin wanka da shaƙatawa ce mai suna Tropical Islands.

A Ingila akwai Airlander 10 na kamfanin Hybrid Air Vehicles, mita 92, da burin ɗaukar tan 10. Asali sojan Amurka ne sunka biya kuɗin ƙera shi sannan sunka fasa a 2013. Ya tashi a Agustan 2016, a tashi na biyu ya dungura da hanci wajen sauka, a Nuwamban 2017 ya kuɓuce daga turken da anka ɗaure shi, gas ɗin cikinsa ya zurare. A Amurka, Sergey Brin ɗaya daga cikin waɗanda sunka kafa Google yana kashe kuɗinsa a kamfanin LTA Research, jirginsu Pathfinder 1 mai mita 124 ya fara tashi ba igiya a Oktoban 2024 a Kalifoniya, amma na gwaji ne ba na dako ba.

Wanda hotunansa sunka fi yawo wajenmu shi ne na Flying Whales, kamfanin Faransa da anka kafa a 2012. Jirgin sunansa LCA60T, mita 200, tan 60, tun farko dan fito da gungumen itace daga dazuzzukan da mota ba ta shiga anka tsara shi, zai tsaya a sama ya sauko da igiya ya ɗauki kaya ba tare da ya taɓa ƙasa ba. A 2022 sun samu yuro miliyan 122, miliyar 80 na sefa, cikin masu ba su har da gwamnatin Faransa da ta lardin Kebek na Kanada. An ɗage ranar tashin farko sau da yawa. Dan haka duk bidiyon da ya nuna shi yana sauke kwantena, zane ne, masu cewa haka ba su yi ƙarya ba.

Inda gizo ke saƙa

Ɗaga kaya ba shi ne wahala ba, sauke shi ne. Jirgin da anka daidaita shi da tan 60 a ciki, da zarar ka cire kayan ya rage nauyi tan 60 amma gas ɗin na nan da ƙarfinsa, sai ya nemi cillawa sama. Ba za ka saki heliyom ba dan tsada gare shi. Dole ka mayar masa da wani nauyi daidai da wanda ka cire, kuma abin da aka fi tsarawa ruwa ne. Tan 60 na ruwa lita 60,000 ne, bido 2,400 na lita 25 irin rawayan nan da ake jerawa bakin famfo a unguwanni. A Faransa ko Kanada wannan ba magana ba ce. A Bilma ko Djado ko wani ƙauye arewa da Cintabaraden inda mata da yara ke kwana bakin rijiya, magana ce babba, ka kawo kaya ka tafi da ruwan gari. Ana iya cewa to a loda rairayi tunda shi kam ba mu rasa shi ba, haka ne, sai dai kana buƙatar katafila da buhuna da ma'aikata suna jira a wurin, kuma an ce amfanin jirgin shi ne zuwa inda babu komai. Wata dabarar ita ce a matse gas cikin tankuna dan rage ƙarfinsa, an gwada a ƙananan samfura a Amurka, amma tankunan da injin matsewar su ma nauyi ne da ke cin wurin kaya. Iri mai ruwa biyu ya rage matsalar tunda in ya tsaya nauyinsa na danne shi, shi kuma yana son fili shimfiɗaɗɗe ya ɗan yi gudu kafin ya tashi.

Sai zafi. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, kuma nauyin iskar waje ne ke ɗaga jirgin. A digiri 15 mita kubik na iska kilo 1.2 da ɗan ɗoriya ne, a digiri 45 irin na Afrilu da Mayu a Tawa yana sauka wajen kilo 1.1, ragin kusan kashi 9 cikin 100. A jirgi mai girman Hindenburg, mita kubik 200,000, wannan ragin ya kai kusan tan 18, kuma ƙashin jirgi da injina ba su rage nauyi ba, dan haka daga kason kaya ake cirewa. In za a tsallaka duwatsun Ayar da sunka kai mita 2,000 a ƙara wani ragin. 

Sai iska. Abu mai tsawon mita 200 da ba shi da nauyi, iska na kama shi ta ko'ina. Kowa ya san yadda hadarin farkon damina ke zuwa nan, jan ƙura daga gabas cikin minti kaɗan ya yaye kwanon rufi, ga hazon hunturu da ke hana ma jiragen yau sauka. Akwai misali a Afirka: kamfanin De Beers ya yi amfani da ƙaramin Zeppelin NT wajen neman lu'ulu'u a Botswana, a Satumban 2007 guguwa ta same shi ɗaure a turke ta lalata shi har ba a iya gyarawa ba. Rumfar da za ta ɓoye babban jirgi kuwa ita kanta aikin miliyoyin yuro ce.

Heliyom daga rijiyoyin gas ake tace shi, ƙasashe kaɗan ne ke da shi da yawa, Amurka, Katar, Aljeriya, Rasha, kuma asibitoci masu injin MRI na ɗaukar hoton cikin jiki da masu ƙera kayan lantarki na rububinsa. Aljeriya maƙwabciya ce, wannan ɗan sauƙi ne. Tsaro kuma ba sai an faɗa ba, abu ne ƙato mai tafiya a hankali ƙasa-ƙasa. Harsashi ba ya fasa shi kamar balan-balan ɗin yara dan gas ɗin ba a matse yake sosai ba, a hankali yake zurarewa, amma kamfanin inshora zai yi nasa lissafin.

Tsakaninsa da kamyo

Daga Kwatano zuwa Yamai a mota kilomita 1,000 da ɗoriya ne, a miƙe ta sama kusan 800, wato awa takwas in iska ta yarda. Masu goyon baya nan suke kafa hujja: ba shinge, ba jiran ayari, ba ramukan hanyar Tawa zuwa Arlit, ba gadar da ruwa zai yanke kamar yadda ya yanke babbar hanyar RN1 kusa da Yamai a Agustan 2024. Suna cewa albasar Galmi da Tsarnawa da ke ruɓewa a hanyar Akara da Abijan za ta isa cikin yini guda.

Masu suka na cewa a ƙirga. Tirela guda na ɗaukar tan 30 zuwa 40, kenan jirgin tan 60 kamyo biyu ne, alhali ayari guda ɗaruruwan motoci ne. Kamyo tsoho ne ake saye, makaniken gareji na gyara shi da kayan da ke kasuwa, direba da yaron mota na kwana ƙarƙashinsa. Jirgin na son matuƙa masu lasisi, gas daga waje, turke, rumfa, ga kwanakin da iska za ta hana shi tashi. Shinkafa, suminti, taki, albasa duk kaya ne masu nauyi da arahar kilo, ƙarin kuɗin dako kaɗan ya cinye ribar. Su kansu kamfanonin ba su ce za su yi gasa da kamyo a kan gudron ba, da helikofta suke gwada kansu, wanda mafi girmansa, Mi-26 na Rasha, tan 20 yake ɗauka da tsadar gaske. Sannan rufe iyaka lamarin siyasa ne, sama ma tana da iyaka, jirgin da zai taso daga bakin teku sai da izinin ƙasar da ya taso da wadda zai ratsa, kuma duwan na nan a inda zai sauka.

In an tace maganar, wurin da jirgin ke da dama ƙanƙane ne amma na gaske: kaya guda mai nauyi ko tsawo da ba ya rabuwa, babban taransfoma, injin haƙar ma'adinai, fiffiken injin lantarki na iska, asibitin tafi-da-gidanka, zuwa wurin da gina masa hanya ya fi kayan tsada. Arewacin Nijar na da irin waɗannan wurare. Sai dai masu irin wannan kaya kamfanonin mai da ma'adinai ne da ƙungiyoyin agaji, ba ɗan kasuwar Katako ba.

Jarin kasada, da wanda zai iya ɗaukarsa

Masu zuba kuɗi a sabbin dabaru ba wai sun tabbata kowace za ta yi ba ne. A misali mutum ya raba kuɗinsa a kamfani goma yana sane bakwai za su mutu, biyu su maido uwar kuɗi, ɗaya ya ninka sau talatin ya biya duka. Tsarin na aiki ne in kana da kuɗin rabawa goma, kana iya jiran shekara goma, kuma in duk sun tafi gidanka ba zai kwana da yunwa ba. Sergey Brin na cikin wannan sahu. Masu hannun jarin CargoLifter da yawa ba sa ciki, abu guda sunka saya, cinikin biri a sama.

Sufuri kuma ya fi manhajar waya wuyar sha'ani, dan ba ka iya gwada rabin jirgi, sai ka kashe kusan duka kuɗin kafin ka san ko zai yi. Hyperloop One, mai burin tura mutane cikin bututu da gudun jirgin sama, ya tara sama da dala miliyan 450 ya rufe a ƙarshen 2023. Amma masu cewa a gwada su ma suna da shaidu. Kwantena da yau ba a san ciniki ba sai da ita, a 1956 sabon abu ce da ma'aikatan tashoshin ruwa ke ƙi. Zipline ta fara kai jini da ƙananan jirage marasa matuƙi a Ruwanda a 2016, ta shiga Gana a 2019, Kaduna a 2022. Abin lura a nan shi ne rawar da gwamnatin Ruwanda ta taka: ta buɗe sararin samaniya, ta biya kuɗin aikin da anka yi mata, kasadar ƙera jirgin kuma tana wuyan masu jarin waje.

A gida duka ɓangarorin biyu na nuna layin dogo na Yamai zuwa Doso, kilomita kusan 140 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, anka ƙaddamar a Janairun 2016, bai haɗu da Paraku ba, shari'a ta shiga tsakani a Benin, har yau ba ya dako. Masu son balan-balan na cewa kun ga, abin da ke buƙatar ƙarfe a ƙasa ta ƙasashe biyu ba ya ƙarewa, gara wanda ke tsallakewa. Masu suka na cewa in fasahar da ta shekara kusan 200 tana aiki ta tsaya dan sarƙar ba ta cika ba, ina ga wadda ba a gama ƙerawa ba. Hujja ta biyu ta fi nauyi, dan jirgin ma sarƙa ce: gas, rumfa, matuƙa, inshora, izini, da kayan da zai ɗauko in zai koma dan kar ya tafi fanko. Kuma kowace miliyar da baitulmali ya sa a nan, an cire ta ne daga gyaran RN1 ko hanyar Agadas, ko shirin haɗuwa da layin dogon Kano zuwa Maradi da Najeriya ta fara a 2021.

Abin da zai taɓa mutane

Farashin buhun shinkafa a Wadata ko Harobanda ba zai motsa saboda wannan jirgi ba a shekarun da ke gabanmu, abin da ke motsa shi buɗe iyaka ne, tsaron hanya, gazuwal da yawan shingaye. Direbobi da ƴan dako ba su da abin tsoro. In fasahar ta yi nasara, waɗanda za su fara gani su ne mutanen yankin Kawar da na Ayar da wuraren haƙar ma'adinai, ta fuskar lantarki da kayan asibiti da agajin gaggawa, kuma a matsayin haya zai zo, kamfanin waje ya kawo jirgi a biya shi kuɗin tafiya. Ƙasa ba ta asarar komai in ta jira wannan lokacin, abin da za ta iya yi ba kuɗi mai yawa shi ne hukumar jiragen sama ta ƙasa ANAC da ASECNA mai kula da zirga-zirgar jirage a sama su san dokokin da za su yi aiki, a kuma tara bayanan iska da zafi na arewa da duk mai son zuwa zai nema.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na masu ajiya. Duk lokacin da sabon abu ya yi suna, sai ka ga an ɓullo a WhatsApp ana sayar da hannun jari da alƙawarin riba kowane wata, ana karɓar kuɗi ta waya. Kamfanin da bai ƙera jirgi ba ba shi da ribar da zai raba kowane wata. Mai son tantancewa ya tambayi ko jirgi mai cikakken girma ya taɓa tashi da kaya ya sauke, ko hukumar jiragen sama ta Turai EASA ko FAA ta Amurka ta ba shi takardar amincewa. A yankin UEMOA kuma duk wanda zai nemi kuɗin jama'a da sunan hannun jari sai da izinin hukumar AMF-UMOA da ke Abijan, kuma takardar na da lamba da ake iya dubawa kafin a taɓa kuɗin adashe ko na sayar da bisashe.